Saura Zuwa Ɗaya, Malam Na'Allah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 6 ga Agusta 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Na'Allah Danchadi a gidansa na Bodinga. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Malam, kai ka kafa shirin nazarin al'adu da asalin ƙasa a jami'armu. Ka tara masanin tarihi da na harshe da na noma a ɗaki ɗaya, ana ta yi maka dariya. Ka ce sashe ɗaya ba zai gaya wa ɗan Najeriya ko shi wane ne ba, domin waƙar niƙa guda tana ɗauke da labarin yunwa, da sunan irin gero, da kalmar Fulatanci. Abokan aiki suka watse, wani ritaya, wani Abuja. Mu biyu muka rage.

Ƙa'idarka ba a kunna rakoda sai a zuwa na uku. Na farko gaisuwa, na biyu cin tuwo. Na sha yin gunaguni a bayan babur kan hanyar Kajiji, taɓo har gwiwa, mun dawo hannu wofi. Sai ka ce, "Anas, tsofaffin nan ba ɗakin karatu ba ne, mutane ne."

Inna Hajjo ta Mandera ta haura tamanin, kuma ita kaɗai muka samu da ke riƙe da waƙoƙin niƙa na shekarun fari. Ka je mata sau biyu kai kaɗai. Na ukun ka sa Asabar, ajali ya riga ka ran Laraba.

Bayan sadakar bakwai na tafi ni kaɗai, rakodarka a jaka. Ta yi maka addu'a mai tsawo. Da na ambaci waƙoƙin, ta ce, "Ɗana, shi sau biyu yaz zo. Kai ko yau kaf fara."

Wallahi na ji haushinka, Malam. Da ka karya ƙa'idar nan sau ɗaya, da muryarta tana hannunmu. Amma ban buɗe jakar ba. Na gaishe ta na taso, babu wanda zan yi wa gunaguni a hanya. Saura zuwa biyu, in Allah ya ara mata kwana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalanka, Hajiya Zainabu, da Amina, da Abubakar Siddiƙ. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya karɓe ka tun a sallamar farko.