Ranar da ƙanena ya yi wa majo bayani

Ƙanena bai taɓa kallon mutum cikin ido ba. Ranar kasuwar Matameye, a bayan rumbu yake wuni, ya toshe kunnuwa da tafin hannu, yana jijjiga jiki har kasuwa ta watse. Amma ka ba shi kiwon awaki, ko ɗaya ba za ta ɓata ba. Rubutun malamai kuwa ya sha har ya gaji. Sai da na tsufa na ji a rediyo ana kiran irin halinsa otizim. Don haushi na kashe rediyon.

A zamanin soja, shekarar da fari ya ƙone gero, awakin suka mutu. Baba ya ce duk namijin gidan zai tafi Kano cin rani, har da ƙanena, mu mata mu zauna gida.

Na ce, "Baba, wanda kasuwarmu ta fi ƙarfinsa, shi za a kai Kano?"

Ya ce in majo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, ya ce ciwo ne, zai bar shi gida.

Ƙanena ya ce, "Yaya, da bakina zan faɗa." Kullum sai in jiyo shi a garken da ba ko akuya, yana maimaita abin da zai ce.

Muka tarar da asibiti cike da mata da yara masu kumburin ciki, soja na tsaron layi. Da aka zo kanmu, ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, hayaniya tana shiga kaina kamar ana daka. In mutane suka yi yawa, magana takan ɗauke mini, ba na gane hanya. A taimake ni."

Ban taɓa jin ya jera magana haka ba. Wallahi daɗi ya kama ni har na yi hawaye.

Majo, wanda gajiya ta gama cinyewa, ya taɓa goshinsa. "Samari, mai ciwo a kai ba ya bayani tiryan-tiryan haka. Lafiyarka lau."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Baiwar Allah, ai na ji daga bakinsa. Dubi yaran can."

Baba na tsaye bakin ƙofa, ya ji komai.

Da damina ta faɗi, mazan gidanmu suka dawo ba shi. Wai tun a tashar Kano suka waiga ba su gan shi ba. Na tambaye su da ihu me ya hana su ci gaba da nema. Babban wanmu ya ce, "To, mun ga ai yana da baki. Mun ɗauka zai yi tambaya."