Ƙusa ta Goma Sha Biyu

Jiya jikata ta buɗe sabon kwalin ganyen shayi a nan gidanmu na unguwar Ka'akiyya. Ƙamshin yana bugun hancina sai ga ni a Masfala, tsohuwar unguwarmu a nan Makka, a ɗakin kakana, ina 'yar shekara takwas. Ɗakin nan kullum ƙamshin katakon akwatin shayi yake yi, da na ƙaron da aka jiƙa a gwangwani. Da su yake ƙera jiragen ruwa na yaƙi, a garin da ba kogi ba tafki, sai dai in an yi ruwan sama ambaliya ta gangaro daga duwatsu ta kwashe mana tukwane.

Shi muna ce masa Kaka, matarsa kuwa Sitti, yadda 'ya'yan Makka suke faɗa. Daga ƙasar Kano ya taso a ƙafa, shi da ƙanensa, suna samari. Shekara uku suna tafiya, su yi noma a wannan gari, su yi dako a wancan, har suka kai bakin teku a Sudan. Suna isa yaƙin Turawa na farko ya tare hanya, ba mai ƙetarewa zuwa Jidda. Guzuri ya ƙare. Kaka ne ya ja ƙanen nasa suka shiga aikin zuba kwal a cikin jirgin yaƙin Ingilishi, wai kafin hanya ta buɗe. Bayan shekara guda aka raba su, aka mai da ƙanen wani ƙaramin jirgi. Jirgin ya fita bai komo ba. Wani ya ce ya nutse da kowa da kowa, wani ya ce an tsamo mutane an sauke su a garin Adan. Kaka ya kama maganar ta biyu ya riƙe, shi kaɗai ya iso Makka.

Sanda na yi wayo ya daina ɗaukar ruwa gida-gida, gwiwoyinsa sun gaji. Sai ya zauna da zarto da 'yar guduma. Ƙananan jirage ya yi su da yawa ya rabar wa yaran unguwa, amma babban, kwatankwacin wanda ya yi aiki a cikinsa, wannan ba ya barin kan kanta. Kuma kada ka zaci wasan yara ne. Awo yake yi. Ya san taku nawa ne daga goshin jirgin zuwa bayansa, don ya taka shi da ƙafarsa, to kowane taku ɗaya sai ya ajiye ƙwayar shinkafa ɗaya a kan katako, ya jera su, ya ja layi. In kaza ta shigo ta tsince masa taku goma, ranar unguwa ta ji bakinsa. Bututun hayaƙi da gwangwanin madara ya yi su, igwa da ƙarafan laimar da alhazai suka yar, igiyoyi kuma zare ne da ya warware daga tsohon harami. Ya dama toka da ƙaro ya shafe jikin, ya fito launin kurciya.

Bayan la'asar tsofaffi biyu sukan zo, wani Basomale da wani Bayamale mai sayar da gahawa, su ma sun ci wuyar teku. A shimfiɗa tabarma, Sitti ta miƙo shayi ta bayan labule, a sauko da jirgin tsakiya. Daga nan sai gardama, rabi Larabci rabi Hausa. Wannan ya ce bututun uku ne, wancan ya rantse biyu ne. A bakinsu na ji akwai jirgin da aikinsa share nakiyar ruwa, akwai mai tafiya a ƙarƙashin teku kamar kifi. Kaka yakan ce mu da muke kukan zafin Makka ba mu san zafi ba, mu shiga cikin jirgi gaban wutar kwal mu gani, inda mutum yake matse rigarsa gumi ya zuba a ƙasa. Abin da ya fi ba ni tausayi, ya ce sau biyu yana hango fararen gidajen Jidda daga kan jirgi, shi da ƙanensa, ba damar sauka. Suka yi ta kallo har gari ya ɓace.

A jirgin nan babu mutum-mutumi ko ɗaya, don Kaka ba ya sassaƙa siffar mai rai. Ƙusoshin tagulla ne a maimakon mutane. Duk Musulmin da ya yi aiki da shi ya kuma tabbatar ya rasu, Kaka yakan je Tan'im, can bayan gari, ya ɗaura harami ya yi masa umara, in ya dawo ya kafa ƙusa a daidai inda mutumin yake tsayawa. Goma sha ɗaya ne a kafe. Gefen bututun baya, inda shi da ƙanensa suke zama su sha iska, akwai huda guda, babu ƙusa.

Ni a lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba, ƙusoshin ma ado na ɗauke su. Abin da nake ji kawai shi ne Sitti tana yi masa mita in ta ga yana dafa bango kafin ya miƙe.

"Malam, ƙafafun nan naka ba za su jira ka ba. Ka je ka yi wa yaron nan umararsa tun kana iyawa."

"Ba a yi wa mai rai da lafiyarsa," in ji shi.

Duk shekara in alhazai suka fara isowa ta Sudan, sai ya ja sandarsa ya bi masaukansu yana tambaya, ko sun ga wani Bakano mai tabon ƙuna a hannun hagu. Shekara talatin da biyar yana wannan tambaya. A shekarar da nake ba ka labari, ko masallacin unguwa sai ya huta sau biyu kafin ya kai.

Ni kuwa Allah ya yi ni da karambani, har yau ban warke ba. Wata safiya Baba ya kai shi wurin mai ɗori a duba gwiwar, Sitti ta ce in share ɗakin. Ina shara na ga kwalin ashana a bayan jirgin, na buɗe, ga ƙusar tagulla guda ɗaya tana sheƙi, an goge ta tas. Na dubi ƙusa, na dubi huda. Na ce wayyo, tsufa, Kaka ya manta! Na ɗauko 'yar gudumarsa na buga ta har ta zauna daram. Sannan na zauna a bakin ƙofa ina jiran yabo.

Da ya shigo na riga shi magana. "Kaka, na ƙarasa maka jirginka."

Yakan ce mini amarya, ya ja kunnena. Ran nan wuce ni ya yi. Ya tsaya a gaban kanta yana duban jirgin. Sitti ta leƙo, ta gani, ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, ya binti, me kika yi?" Ta yo kaina, ya ɗaga mata hannu.

Ya ɗauko awartaki ya kama kan ƙusar. Ƙusa ce 'yar mitsitsiya, ni ma da zan iya zare ta, amma ya daɗe a haka bai ja ba. Can sai ya ajiye awartakin ya zauna a ƙasa.

"Ga shi cikin 'yan'uwansa," ya ce. "Ni na shigar da shi jirgin farko. Yanzu kuma in sa hannu in fitar da shi?"

Ya share fuskarsa da hannun riga, ya dubi Sitti. "Ban taɓa kafa ƙusar ƙarya ba. Fito mini da haramina."

Washegari bayan asuba Baba ya samo jakuna muka nufi Tan'im, har da ni, don Kaka ya ce wadda ta ɗauro aikin ba za ta zauna a gida ba. A can ya yi wanka ya ɗaura fararen mayafansa, kafaɗunsa duk ƙashi. Da ya zo niyya ya ambaci sunan ƙanensa. Ranar na fara jin sunan, don a gida "yaron nan" kawai ake cewa.

A Harami masu ɗaukar tsofaffi a kan gadon katako suka taso, mutanenmu ne, sun san shi, suka ce za su ɗauke shi kyauta. Ya ƙi. Ya ce wanda yake yi dominsa shekara uku ya taka yana nufin wurin nan, shi ma zai taka masa. Ya rataya a kafaɗar Baba, ni ina riƙe da gefen mayafinsa. Duwatsun ƙasa suka ɗau zafi. Tsakanin Safa da Marwa, lokacin kasuwa ce, shaguna hagu da dama, masu shago suka riƙa miƙo masa kujera, ya zauna ya huta ya tashi. Abin da mutane suke gamawa kafin hantsi, mu sai da aka kira azahar. Wanzami ya aske masa kai, ya sha zamzam, aka ɗora shi a jaki. Daga ranar bai ƙara taka ƙafarsa zuwa Harami ba.

Muna isa gida ya ce da Sitti ta ɗora babbar tukunya, Baba kuma ya shimfiɗa tabarmi a waje ya gaya wa maƙwabta.

"A ce musu me?" in ji Baba.

"Ka ce na yi rashi. Ƙanena ya rasu."

Kwana uku ana zuwa gaisuwa. Basomalen nan da Bayamalen suka zauna dama da hagunsa, ba gardama ko ɗaya. Mata suka cika ɗakin Sitti, ana Allah ya jiƙansa, ana ya haƙuri, ga mamacin ba wanda ya taɓa ganinsa sai mutum guda. Ni kuwa na yi kuka har na gaji, don a ganina ni na kashe shi. Kaka ya jawo ni jikinsa ya ce, "Yi shiru, amarya. Kin sauke mini kaya ne."

Yau unguwar tamu babu ita, dogayen otal-otal ne a wurin, ko ni ba zan iya nuna maka inda ƙofarmu take ba. Jirgin ma ya ɓace a ɗaya daga cikin ƙaurace-ƙauracenmu. Yanzu in mutum ya rasu a Kano, kafin a yi masa wanka labari ya iso wayar jikokina, su karanta mini da Larabci don Hausarsu ta yi ƙaranci. Ba wanda zai ƙara jiran shekara talatin da biyar. Cikin duk waɗanda suka zauna makokin nan ni kaɗai na rage, kuma ni kaɗai na san sunan. Shi ya sa duk sallar da na idar nakan faɗe shi da ƙarfi, yadda yaran za su ji.