Ƙahon Saniyar da Aka Rataya Mini a Aji

Lokacin da na shiga makarantar sakandare a nan Garwa, ni yarinya ce mai surutu kamar rediyo. Mahaifina yana sayar da atamfa a babbar kasuwa, kuma tun ina ƙarama nake juya harshe uku a shagonsa: Hausa da 'yan gida, Fulatanci da masu saye, Faransanci da ma'aikata. Don haka da aka ce za a fara koya mana Ingilishi, murna na yi, na ɗauka shi ma haka zai shige ni ba wahala.

Malaminmu na Ingilishi yana da wani ƙahon saniya da aka huda aka sa masa igiya. Duk wanda ya yi kuskure, ko bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gida, sai a rataya masa a wuya, kuma ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani ya yi irin laifin. Kowa ya koma ɗan leƙen asirin ɗan'uwansa. Wata rana aka tashi ƙahon yana wuyana, malam ya ce da shi zan tafi gida. Haka na ratsa kasuwa cikin zafin ranar Garwa, 'yan babur suna yi mini kukan saniya, har na wuce gaban shagon mahaifina yana zaune da abokansa. Kansa kawai ya sunkuyar. Daga ranar na kulle bakina a aji. Na faɗi jarrabawa, na bar makaranta, na kuma gaya wa kowa cewa kaina ne ba ya ja.

Shekaru suka wuce, na yi aure, 'yata ta fari ta kai wannan ajin. Sai na lura duk ranar da suke da Ingilishi ciwon ciki yake kama ta. Da na matsa mata, ta ce ta tashi karatu an yi mata dariya.  Nan take na yanke shawarar cire ta daga makaranta, ta zauna ta koyi ɗinki. Babanta yana kan hanyar Ngawundere da babbar mota, ban ma jira shi ba, na ja mayafi na nufi makarantar da niyyar in wanke malamarsu ta Ingilishi tas kafin in tafi da 'yata.

Na tarar da wata mata siririya, 'yar yankin ƙasarmu da ake magana da Ingilishi, wadda ba ta daɗe da zuwa arewa ba. Ta gaishe ni da wani gurgun Fulatanci da ya kusa sa ni dariya duk da fushina. Ta saurare ni har na gama, har labarin ƙahon sai da ya fito ban shirya ba. Ta ce laifinta ne da ba ta lura da abin da ya faru ba, ta roƙe ni in ba ta zango ɗaya, in kuma zauna a bayan aji in gani da idona. Na zauna ina harare-harare. Ta buɗe darasi da ba yara labarin cefanenta da Fulatanci, suna gyara mata suna tuntsira dariya, sannan ta ce a ajin nan ita kaɗai aka halatta a yi wa dariya. Idan yaro ya yi kuskure ba ta cewa ya yi kuskure, sai ta maimaita maganar daidai kamar tana amsa masa, ta ci gaba. Bayan an tashi ta roƙi 'yata ta riƙa koya mata Hausa, kalma ɗaya a bakin kalma ɗaya. Na bar yarinyar a makaranta, na koma gida ni kaɗai, ina jin kunyar abin da na so in yi.

Yau 'yata tana ajin ƙarshe, ciwon cikin ya tafi tuntuni. Kwanakin baya muna gyaran yakuwa a tsakar gida ta dame ni sai na faɗi wani abu da Ingilishi. Na faɗa, na san na karkace, na tsaya ina jiran dariya. Sai kawai ta maimaita shi daidai, ta miƙo mini kwano, ta ci gaba da tsinke ganye. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya, na fito muka ci gaba da darasi.

Abin da na gane shi ne, kaina bai taɓa ƙin ja ba, tsoro aka cusa mini, kuma saura kaɗan in gadar wa 'yata shi da hannuna. Malamai, ku ji tsoron Allah, wanda yake koyon sabon harshe a tsorace yake zuwa gabanku. Iyaye kuma, in ɗanku ya yi shiru a aji kada ku yi saurin cewa daƙiƙi ne. Ku zaunar da shi ku tambaye shi wa ya yi masa dariya.