Shekarun Kati da Shekarun Jiki

Na yi shekara goma sha huɗu a wata masaƙa a Sharaɗa, ɓangaren rini. Ban yi boko ba. Abin da na gani shi nake faɗa.

Wajen ƙarshen mulkin farar hula na farko da na yi wa zaɓe, wasu matasa uku suka fara zuwa mana daga jami'a. Ba su daɗe da gama karatu ba. Sun raba wuraren a tsakaninsu: wani dogon likita ya ɗauki Sharaɗa, wani ɗan lissafi mai tabarau ya ɗauki Challawa, wata malama ta ɗauki matan kamfanin alewa na Bompai. So suke su zana layi a takarda da zai nuna yadda ƙarfin mutum ke raguwa da shekaru. Kayan aikinsu biyu ne, ƙarfen da kake matsewa da hannu da bututun da kake hurawa. Shekarunka kuwa daga katin aiki suke kwafa.

Duk Asabar da la'asar sukan haɗu a teburin mai shayi na bakin get ɗinmu, su baza takardu, su danne da kofuna, su yi ta musu. Ina son kallonsu. Ba su da girman kai.

Ni ke jera wa likitan mutanenmu. Wata Asabar na ji yana murna.

"Ku duba nawa! 'Yan shekara arba'in da ƙarfin 'yan sittin. Ranar Litinin zan kai wa manaja sunayen."

A sahunmu akwai wani dattijo ɗan Damagaram da muke kira Baba. Shi ya koya min haɗa rini. Katinsa arba'in da biyu, jikarsa kuma har ta yi aure. Ko manaja ya ce raggo ne, ko ya gano tsoho ne. Duk biyun sallama ce.

Na aje kofina.

"Likita, layin nan naka ƙarya ne."

Mai tabarau ya fashe da dariya. "To, ga farfesa ya iso."

"Malam, ku zauna," in ji likitan. "Ina ƙaryar take?"

"Sai ka yi min alkawari suna ba zai kai ofis ba."

Ya yi. Sai na gaya musu. Ranar ɗaukar aiki kowa sai ya je wajen wanzami, a kwashe kai da gemu tas, kada a ga furfura. Akawu ya tambayi shekaru, ka ce talatin. Kowa talatin. Ni ma talatin na ce, ban san gaskiyar ba har yau.

Malamar ta dafe kai. "Shi ya sa! Ni kuma matana babu wadda ta wuce ashirin da biyar."

"Wata shida," in ji likitan, yana kallon takardunsa. "Wata shida ina auna aikin wanzami."

"To ya za mu yi, Malam?" in ji mai tabarau, ya daina dariya.

Na ce kada su tambayi mutum shekarunsa. Su tambaye shi yana ina shekarar da fara ta cinye gero a garinsu, ya fara azumi ko bai fara ba. Su tambaye shi damina nawa ya noma kafin ya shigo birni. Mace kuma a tambaye ta ɗan farinta, tare da su wa aka yi masa kaciya.

Malamar ce ta fara rubutawa. Suka soke sunaye, kowa ya koma lamba. Suka sake aikin daga farko, ni ina gefe ina fassara wa masu nauyin baki. Da aka zo kan Baba, ya ce lokacin farar yana da mata. Mai tabarau ya buga lissafi ya ce sittin da huɗu, ko da biyar. Likitan ya duba abin da Baba ya matse, ya ce ai a sa'anninsa zaki ne.

Sabon layin ya nuna rini yana taɓa ƙirji, amma ba kamar yadda layin farko ya nuna ba. Wannan suka kai ofis, ba suna ko ɗaya. Aka buɗe mana tagogi biyu a bango don iska ta riƙa shiga.

Baba ya ƙara shekara uku a kan randarsa ta rini. Da kansa ya aje aiki ya koma gona, katinsa yana cewa arba'in da biyar.