Ƙwaron da ɗana ya ce a bari

Bana shekara shida ke nan da rasuwar ɗan farina. Kunya ba ta bar ni in kama sunansa ba. Amma karatun yaƙi da jahilci ya ba ni hannu, kuma shirun ya ishe ni.

Manomin rani ne a kwarin Tarka. Yana da ɗan gilashi mai ƙara girman abu, da shi yake duba bayan ganyen lemun tsami. Shi ya nuna mini wani farin ƙwaro, bai kai ƙwayar gero ba, jikinsa kamar an barbaɗa masa toka. Mai-toka yake ce masa. Ya ce: "Inna, duba. Farin ƙuda mai shanye ganye fikafikansa a kwance suke, in kin taɓa reshe sai su tashi duu. Wannan ya kifa nasa kamar rufin bukka, gashin kansa dogo, shi kaɗai yake yawo. Ƙwan ɓarayin nan, farin ƙuda, yake ci."

Kama da wane ba ta wane. Ya ce a bar ƙwaron, ya sake faɗa. Baffansa Idi, ƙanen mijina, dariya ya yi, ya ce fari dai fari ne. Ya sayo maganin ƙwari a kasuwar Belbeji cikin kwalba ba takarda, ya ɗora wa yaron famfon feshi da tsakar rana, ko ƙyallen rufe hanci babu. Ɗa ba ya musu da baffa. Kwana biyu yana amai, na uku aka kai shi makwancinsa.

Aka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da Allah ba. Amma kwalbar nan, wa ya ɗura ta? Har yau ana shimfiɗa irinta a kasuwa kusa da gishiri. Da zai leƙo lambunan yanzu, me zai gani? An fesa, an sake fesawa, mai-toka ya ƙare, farin ƙuda kuwa ya fi da yawa.

Makon jiya Idi ya doso lemuna ukun da ɗana ya dasa, famfo a baya. Na tsaya a gabansu.

"Yaya, matsa, taimako na zo yi."

"Ka taimaka sau ɗaya, Idi. Ya isa."

Ya juya.

Ɗana bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Gilashin nan ya bari, da ido. Da safen nan na juya ganye goma sha, na samu mai-toka biyu. Na mayar da reshen a hankali.