Ɗan Kunnen Inna da Ɗigon Asid

Edita, a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ni ɗalibi ne a makarantar kwana a Birnin Kudu, yaro mai shiru-shiru, ba ni da aboki sai littafi. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram. A shekarar ne Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya dawo daga Makka ya kawo mata 'yan kunnen zinare tsaraba.

Tun farko zuciyata ba ta kwanta ba. Kawu dillalin shanu ne mai daɗin baki, kuma na sha jin ana cewa a yi hattara da cinikinsa. Da na je hutu sai na ga wani kore-kore a hujin kunnen Inna. A aji kuwa an koya mana cewa asid ba ya cin zinare, amma tagulla da ya taɓa ta sai ta yi kore. Na ɗauke ɗaya a ɓoye, na sa a kwalin ashana, da na koma makaranta na roƙi malamin kimiyya ɗigo guda na asid. Don kada in ɓata adon, sai na ɗiga a kan ƙugiyar kawai. Nan take ta yi kore shar.

Ni da ba na iya haɗa ido da manya, da na dawo hutu, ranar da Kawu ya zo gaisuwa na faɗa a gaban Baba cewa tagulla ya kawo wa yayarsa. Kawu ya tambaye ni ko boko ne ya koya mini haka, na ce gwaji ne ya nuna. Ya dubi Inna, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Sai bayan tafiyarsa ta gaya mini, tana hawaye, cewa ƙugiyar asali ta karye tun makon farko, ta aika Gwaram maƙeri ya sa ta tagulla, kunya ta hana ta faɗa wa ɗan'uwanta. Sauran kuwa zinare ne tsantsa. Na bi Kawu har gida na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe. Amma har ya rasu bai sake kwana a gidanmu ba, Inna ma ba ta sake sa 'yan kunnen ba.

Gwajin bai yi ƙarya ba, ni ne na je da hukunci a aljihu, na gwada gefe guda na yanke wa mutum. Ɗaliban yanzu, kafin ku tuhumi wani da abin da kuka gani a kwalba, ku fara tambayar mai kunnen.