Ragon Inna a Hanyar Paraku

Filinge zuwa Gaya

Ƙarfe biyar da kwata na asuba munka bar tashar Filinge, ni da ragon Inna. Balami ne fari sol, wata tara tana ɗura masa harawa da dussa. Yayana Hamidu, mai sayar da yadi a Paraku ta ƙasar Benin, shekara goma sha ɗaya da aure sai bana Allah ya ba shi ɗa. Suna jibi, kuma Inna ta rantse ba a yanka wa jikanta ragon kasuwa.

"Salisu, amana na ba ka. Shi isa da ƙafafunai."

"Haba Inna, ni za a koya wa rago?"

Direban abokina ne, ya bar ragon tsaye a bayan mota. Baleyara, Yamai, Doso, jandarmomi na ta duba takardar likitan dabbobi. Da magariba munka isa Gaya, na ci tuwon shinkafa da kifi, na kwana tasha da igiyar a hannuna.

Malanbil

Ƙarfe takwas munka ƙetare gadar iyaka munka shiga Benin. Idona ya sha kallo! Ga wata mata tana yi wa kare wanka da sabulu, har da suna take kiransa. Kusa da ita wani ya rataya kaji a babur, kawunansu ƙasa. Na rasa gane mutanen nan, tausayin dabba gare su ko babu?

A tasha anka ce rago sai saman mota. Ashe akwai wani tsoho, Baba Kojo, da aladu biyu cikin kwanduna, ya lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna. Na ce wallahi ragon suna ba ya gogar alade. Na kai shi can ƙarshe bisa ƙarfe, na haɗe ƙafafunsa huɗu, na kwantar da shi ta haƙarƙari yadda muke yi in za mu kasuwar garin Damana.

Tsohon na jin Dandanci, ni ina jin Zabarmanci, da yake harsunan kusa suke sai munka fahimci juna.

"Ɗana, tafiyar da nisa. Zaunar da shi bisa ƙirji."

"Baba, ji da naka."

Duk inda mota ta tsaya sai ya hau ya yayyafa wa aladun ruwa. Abin ya ishe ni, na tambaye shi ina za ya kai su. Ya ce wurin mahauta.

"To wahalar ta mece ce?"

"Wuƙa ta gobe ce. Yau rana ke dukansu."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Bayan Kandi

Ƙarfe ɗaya da rabi Baba Kojo ya buga rufin mota, ya ce direba ya tsaya, ya daɗe bai ji kukan rago ba. Ni mai ragon ina gyangyaɗi.

Innalillahi! Da munka hau, cikin rago ya kumbura kamar ganga, harshe waje, kumfa na zuba. Tafiyar Damana sa'a guda ce, wannan kuwa sa'a huɗu yana kwance, gyatsa ta ƙi fita. Fuskar Inna kawai nake gani.

Tsohon ya yanke igiyar, anka sauko da ragon, ya zaunar da shi a gangaren hanya, gaba sama. Ya gitta masa kara a baki ya tauna, ya roƙi manja wurin wata fasinja ya ɗura masa, ya shiga murza cikin ta hagu. Hannun nan da ya wuni cikin aladu, shi ne cikin bakin ragon suna, kuma abin da na iya faɗa kawai: "Baba, don Allah ci gaba."

Can sai rago ya saki wata gyatsa mai wari, mota duka ta ɗauki shewa. Ban taɓa jin daɗin wari irin na ranar ba. Baba Kojo ya cire buhu guda daga kan aladensa ya rufa masa. Tsakanin kwandunan nan biyu ragon Inna ya ƙarasa Paraku, a zaune, ƙarfe shida da minti goma.

Paraku da komowa

Da ƙafafunsa ya shiga gidan Yaya. Da safe anka raɗa wa yaro suna Ibrahim. Kafin a yanka na ba ragon ruwa da hannuna, Yaya na tsokanata wai na zama uwar rago. Na koma tasha da cinya guda, anka ce tsohon ya juya Kandi tun asuba.

Kwana biyu a hanya, na iso Filinge da la'asar. Inna ta tare ni a zaure.

"Ya isa lahiya?"

"Lahiya lau, Inna. Amma ba da wayona ba."

Na shiga gida na iske jakina ɗaure a rana. A gadon bayansa akwai gyambon da akumari ya ci, ƙudaje sun rufe shi. Wata uku ina ɗora masa garwar ruwa a kan wannan ciwo. Ko jakata ban ajiye ba, na kwance shi na ja shi inuwar itacen bedi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Baba Kojo kuwa, ko na gode ban ce masa yadda ya kamata ba. Duk wanda ya bi ta Kandi ya ga tsoho na yayyafa wa alade ruwa, ya gaishe mini da shi.